Fim ɗin da Ya Je Birni Ya Kasa Komawa Gida: Nazarin Nunin Majigi a Wani Ƙauyen Gabashin Kano

Asalin lamarin

Wanda wannan nazari ya shafa matashi ne ɗan shekara 29, haifaffen birnin Kano, amma mahaifiyarsa 'yar wani ƙauye ce a gabashin jihar, daf da iyakar Jigawa. Ya yi shekaru yana haɗa hoto ga masu shirya finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, har ya tara ɗan abin da ya tara, ya ƙara da bashi daga abokai biyu, ya shirya fim nasa na kansa mai tsawon minti 84. Babu babban furodusa a bayansa, babu fitaccen jarumi a ciki, babu waƙa da rawa ko ɗaya. Ni malamin firamare ne a ƙauyen, kuma na taya shi ɗaukar kaya tun daga ranar farko, don haka yawancin abin da ke nan da idona na gani.

Fim ɗin labarin tafiya ne. Wa da ƙanwa, 'yan uba, mahaifinsu ya rasu, baffanninsu suna shirin raba gonar gado ba tare da an sanar da babbar yayarsu ba, wadda aka aurar tun suna ƙanana zuwa wani gari kusa da Maigatari, zumunci ya yanke. Sai suka sulale da asuba don su je su taho da ita. Sun hau babur, sun hau a-kori-kura, sun hau amalanke, sun kwana a tasha, sun bi ta Ringim da Gumel, suka isa Maigatari ranar Alhamis kasuwar shanu tana ci. A hanya ne duk abin da iyayensu mata suka dasa musu na 'yan ubanci ya fito fili. 'Yan wasan biyu wa da ƙanwa ne na gaske, uwa ɗaya uba ɗaya, daga birni. Daraktan ya zaɓe su da gangan, saboda akwai wuraren da zai riƙe mata hannu ko ya lulluɓe ta da bargonsa.

Kwana huɗu kacal aka yi ana ɗauka a cikin ƙauyen, sauran duk a kan titi. Gidan da aka yi amfani da shi gidan kawunsa ne, mutum mai 'ya'ya mata uku da suka isa aure. A lokacin ya yi wa kawun alkawari a gaban mutane cewa idan fim ya kammala, garin zai gani da idonsa. Cika wannan alkawari shi ne matsalar da ta ɗauki wata huɗu.

Nuwamba 2023: nuni a bikin birni

An karɓi fim ɗin a wani bikin baje kolin finafinai a birni. Kafin nan ya bi ƙa'ida, domin a jihar Kano ba a nuna fim ga jama'a sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001 bayan gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000. Takardarsa tana hannu.

An saka shi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a ranar aiki, a ɗaki mai sanyi da kujeru masu laushi. Na ƙirga mutum 37, yawancinsu ɗalibai da 'yan fim. Sauti ya fita tas, an tafa, an yi tambayoyi. Daga ƙauyen ni kaɗai na je. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600, kuɗin mota ya bi ta, kuma lokacin ana tsakiyar ɗaukar dawa da roron wake. Babu manomin da zai bar gona ya tafi birni kallon fim.

Masu shirya bikin sun amince a yi nuni na biyu a ƙauyen da sunan bikin. Sun ba da aron majigi da allon da ake naɗewa. Sauran ɗawainiya a kan daraktan.

Disamba: gidan kallon ƙwallo

Ya zaɓi abin da ya fi sauƙi. A bakin kasuwa akwai gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano ce mai bencina, da janareta da amfilifaya da lasifika biyu. Mai gidan ya ba da daren Talata da babu wasa. Aka liƙa takarda a ƙofa, kallo kyauta.

Mutum wajen sittin suka shiga, dukkansu samari da yara maza. Babu dattijo, babu mace, kawun ma bai zo ba. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba, domin wurin ba wurin da magidanci ke zama ba ne, balle matar aure.

Da aka kunna, hoto ya fito, ƙarar babur ta fito, kukan zakara da iska da kiɗan gurmi duk sun fito, amma bakin 'yan wasa yana motsi ba a jin komai. An taɓa waya, an canza soket, an ƙure murya, shiru. Dalilin sai daga baya aka gane shi. Kwafin da ya kawo shi ne wanda aka shirya wa bikin, mai layin sauti shida: hagu, dama, tsakiya, na gurnani, da biyu na baya. A irin wannan tsari kusan duk maganar 'yan wasa a layin tsakiya take, wato na uku. Kayan gidan kallon layi biyu suka sani, kuma kwamfutar ta miƙa musu na farko da na biyu ta bar sauran. Akwai fassarar Turanci a ƙasan hoton, wadda aka yi domin alƙalan biki, amma ba ta amfani kowa ba a rumfar.

An yi minti ashirin ana fama, samari suka fara saka wa 'yan wasa magana daga bakinsu ana shewa, sannan aka kashe. Cikin minti ashirin ɗin nan wani ya ɗauki allon da wayarsa.

Makonni uku na jita-jita

Abin da ya ɗauka bai kai minti ɗaya ba. Asuba ce, saurayi ya fito daga zauren gidan kawu yana waige-waige, ya koma ya jawo hannun budurwa tana kuka, ta hau bayan babur, suka tura shi ba tare da sun tayar ba har suka wuce masallaci. A fim ɗin, abin da take cewa shi ne: "Yaya, ka bari in sallami Inna." Shi kuma ya ce idan Inna ta ji, Baffa ya ji. A wayar babu ko kalma ɗaya. Duk wanda ya kalla, abu ɗaya ya gani: saurayi ya gudu da budurwa daga gidan wane.

Bidiyon ya bi WhatsApp, ya bi masu tura finafinai a kasuwa, ya shiga garuruwan maƙwabta. A cikin gari mutane da dama sun san fim ne, amma ba su san wane irin fim ba. A waje kuwa wasu ma ba su san fim ba ne. Zauren kawu yana da wata tsohuwar ƙofar itace da kowa ya sani, ga bishiyar darbejiya a gefe. Dangin wani saurayi daga garin gaba, waɗanda aka sa ranar za su kawo kayan sa rana na babbar 'yar kawu, suka aiko cewa a ɗan dakata. Ba su faɗi dalili ba.

Daraktan ya yi abin da mutumin birni zai yi. Ya rubuta dogon bayani a Facebook, ya saka wannan wurin da cikakken sautinsa. Abokan sana'arsa suka yi ta yabo a ƙasa. Waɗanda ake so su gani ba su gani ba, domin ba a nan suke ba. Ya kira kawu a waya sau uku, kawu bai ɗaga ba. A na huɗu ya ɗaga ya ce: "Ɗan nan, na ba ka gidana don kai ɗan 'yar'uwata ne. Abin da za ka faɗa mini ba na waya ba ne."

27 ga Janairu 2024: filin makaranta

Ƙoƙari na biyu da hannuna a ciki dumu-dumu. Ni na ba da shawarar filin makarantarmu, ni na nemi izinin shugaban makaranta. Tunaninmu shi ne a nuna wa kowa fim ɗin gaba ɗaya a fili, gani ya kori ji. An gyara sautin ya koma layi biyu, an yi hayar janareta, an sayi fetur lita biyar a hannun 'yan bumburutu. An zaɓi Asabar saboda ita ce ranar da daraktan ya samu motar da za ta kawo kaya. Ba mu duba komai ba bayan wannan.

An fara da ƙarfe takwas da kwata, bayan sallar isha'i. Abubuwa huɗu suka haɗu. Wata ya cika kwana biyu kafin ranar, don haka muna farawa yana ɓullowa daga gabas, ta bayan masu kallo, haskensa yana sauka a kan allon. Fim ɗin kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku da dare ko asuba aka ɗauke shi, sai hoton ya koma toka-toka. Iskar hunturu ta riƙa kaɗa allon, sau biyu yana faɗuwa. Maganar 'yan wasa ta dawo, amma an haɗa ta ne domin ɗaki rufaffe, inda ake jin raɗa da numfashi. A fili, ga janareta a nisan taku goma, raɗa ta ɓace. Sannan da ƙarfe tara Najeriya ta shiga fili da Kamaru a gasar cin kofin Afirka da ake yi a Kodebuwa. Samarin da suka cika gaba suka tashi gaba ɗaya suka nufi bakin kasuwa.

Yara suka rage, da wasu 'yan mata masu talla a gefe. Dattawa ba su zo ba, matan aure ba su zo ba. Kashegari dagaci ya aiko a tambaye mu wa ya ba mu izinin tara mutane da dare a garinsa. Takardar hukuma muna da ita, ta shugaban makaranta ma muna da ita. Tasa ce ba mu nema ba.

Fabrairu: zaure

A nan lamarin ya juya, kuma ba dabarar daraktan ba ce ko tawa. Mahaifiyarsa ce ta hau mota ta zo garin da kanta, ta kwana biyu a gidan yayanta. Abin da suka tattauna nasu ne. Bayan ta tafi, kawu ya ɗauki ɗan 'yar'uwarsa, da goro da turare, ya kai shi gaban dagaci.

Daraktan ya durƙusa ya ce: "Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Na shigo gari ban yi sallama ba." Dagaci ya tambaye shi mene ne abin da yake son nunawa. Ya fara bayanin biki da alƙalai da lambar yabo. Wani tsoho cikin 'yan majalisa ya katse shi ya ce: "Kai yaro, majigi kake nufi?"

Wannan tambaya ta buɗe hirar da ta kai kusan awa guda. Tsofaffin sun tuna motar majigi da ke zuwa ƙauyuka tun zamanin Turawa da na gwamnatin Jihar Arewa, a kafa allo a ƙofar fada, a nuna noman gyaɗa da auduga da tsafta da yaƙi da jahilci, ga mai sharhi riƙe da makirfo yana bayani da Hausa. A wurinsu majigi daban, sinima daban. Sinima ta birni ce, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937, kuma ba ta taɓa samun suna mai kyau a bakin iyaye ba. Majigi kuwa da sanin sarauta yake zuwa, a ƙofar sarauta ake yin sa, kowa yana iya tsayawa ya kalla ba tare da an ce masa komai ba. Mu wata uku muna cewa "fim" da "biki", muna zaɓen wuraren da suka ƙara tabbatar wa mutane cewa sinima muka kawo.

Aka tsayar cewa dagaci da liman da mutum biyar za su fara gani tukuna. An yi wannan a zauren dagaci da rana, aka toshe taga da buhu, aka haska a bango. Sun kalla daga farko har ƙarshe, an tsaya sau ɗaya don sallar la'asar. Liman ya yi tambaya biyu. Ta farko, da gaske yaran nan muharraman juna ne? Aka kira mahaifinsu a waya ya yi magana da shi. Ta biyu a kan rabon gadon ce: a wani wuri baffan ya ce mace ba ta gadon gona, kuma babu wanda ya ba shi amsa sai can ƙarshen fim. Liman ya ce yaro zai iya jin ta farko ya yi barci kafin ta biyu. Daraktan ya ce: "Allah gafarta Malam, ba zan iya yanke wurin ba, shi ne ƙashin bayan labarin." Liman ya ce bai ce a yanke ba, zai yi wa mutane bayani na minti biyar kafin a fara, cewa 'ya mace tana da rabonta a gona kamar yadda take da shi a sauran dukiya, rabin na ɗa namiji. A kan haka aka rabu.

Sauran kwanakin watan gyara aka yi. Daraktan ya koma birni ya sake haɗa sautin musamman domin fili: ya ɗaga magana, ya sassauta kiɗa da iska, ya gwada a kan irin lasifikar da ake kiran sallah da ita maimakon ta situdiyo. Ya cire fassarar Turanci, ya ɗan ƙara haske a wuraren dare. An fasa allon biki, aka shafe bangon gidan dagaci na waje da farar ƙasa, faɗin taku shida, bango kuwa iska ba ta kaɗa shi. An fasa janareta, aka yi hayar inbata da batir biyu daga mai cajin waya da ke amfani da sola, aka gwada su rana guda kafin nuni, suka riƙe majigi da amfilifaya fiye da awa biyu. Ranar ma dagaci ne ya sa ta: makon ƙarshe na Sha'aban, lokacin da wata ba ya fitowa sai dare ya raba, ba ranar kasuwa ba, ba daren ɗaurin aure ba, kuma kafin azumi, wanda aka fara ranar 11 ga Maris. Gasar ƙwallo ta riga ta ƙare tun 11 ga Fabrairu.

Farkon Maris: dare biyu

Mai shela ya zaga gari da yamma biyu a jere, yana cewa dagaci yana gaishe da kowa, akwai majigi a ƙofar fada, labarin wa da ƙanwa ne da suka tafi neman 'yar'uwarsu. Wannan jimla ta ƙarshe kawu ne ya nace a saka ta. Kuma an aika takanas zuwa garuruwa uku na maƙwabta, har da garin masu neman auren.

Daren farko na maza ne da yara. Tabarmi goma sha takwas muka shimfiɗa suka cika, na tsaye sun fi na zaune. Liman ya yi bayaninsa. Da aka zo wurin asubar nan, yarinyar ta ce "Yaya, ka bari in sallami Inna," sai wani gunaguni ya tashi a cikin taron, irin na mutanen da suka gane abin da suka daɗe suna gani a karkace. Na waiga na ga kawu yana kallon ƙasa. Wuraren da na ji tsoron za su gundure su, inda ake tafiya minti biyu babu magana, nan ne suka fi rayuwa, domin mutane suna kiran sunan kowace kwana da kowace gada, suna gardamar ko kuɗin da kwandasta ya caje su ya yi yawa.

Dare na biyu na mata ne, a tsakar gidan dagaci, bango na ciki. Daraktan ya kunna ya fita, 'yar kawu ta biyu ce ta kula da kwamfutar, an koya mata inda za ta danna. Ban shiga ba. Matata ta ce sau uku aka sa ta tsayar da fim ɗin, saboda gardama ta kaure a kan wurin da ƙanwar ta gaya wa wanta abin da uwarsa ta yi wa tata uwar ranar suna. Wasu suna bayan uwargida, wasu suna bayan amarya. Ta ce da yayar nan ta Maigatari ta fito daga ɗaki ta kasa gane ƙannenta, tsofaffi da dama sun yi kuka, wata ta ce zumunci a ƙafa yake, ita ma shekara tara rabonta da ƙanwarta.

Bayan sallah, dangin saurayin suka kawo kayan sa rana.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Kuskuren sautin ƙarami ne, na minti goma da an gwada kwafin a kan kayan gidan kallon kafin a tara mutane. Amma a fim irin wannan ba ƙaramin abu ya ɗauke ba. Hoto ba ya nuna dangantaka. Namiji da mace a kan babur da asuba, babu abin da zai gaya maka wa da ƙanwa ne sai kalmar "Yaya". Da ta faɗi, labarin zumunci ya koma labarin abin kunya, kuma a kan gidan mutum na gaske. Ina ganin duk mai fitar da fim daga ɗakin biki zuwa karkara ya kamata ya riƙe kwafi na daban mai layi biyu, wanda aka haɗa domin fili, ya kuma saurare shi a wurin da za a nuna, da kayan da za a nuna.

Bayanin Facebook bai yi aiki ba saboda jita-jitar ba a can take zaune ba, a bakin rijiya take da rumfunan kasuwa. Filin makaranta ya faɗi saboda mun ɗauka matsalar ta na'ura ce kawai, muka gyara waya muka bar mutane. Wata da iska da ƙwallo sun taimaka wajen rushe daren, amma ko da babu su, waɗanda ake bukata ba za su zo ba, tunda ba a gayyace su ta hanyar da suka san gayyata ba. Abin da ya yi aiki shi ne bin tsarin garin: uwa ta gyara tsakanin ɗanta da yayanta, kawu ya kai shi gaban dagaci, dagaci da liman suka gani kafin kowa, mai shela ya faɗi dangantakar 'yan wasan tun kafin a kunna, mata suka samu darensu a inda za su iya zama su yi magana. Ban ɗauki zaman zauren a matsayin tauye wa mai fasaha haƙƙi ba. Ba a yanke masa ko daƙiƙa ɗaya ba, kuma ya samu masu kallon da suka fi na birni fahimtar abin da ya ɗauka.

Akwai abin da bai gyaru ba. Guntun bidiyon nan marar sauti har yanzu yana cikin wayoyin mutane a garuruwan da ba su zo ba. Daraktan bai samu ko kwabo daga nunin ba, kuɗin mota da na haya duk daga aljihunsa suka fita, bashin abokansa yana nan. An mayar wa masu biki majiginsu a mako na biyu na azumi. Dagatai biyu na maƙwabta sun aiko suna so a kai musu, ya ce sai ya samu aron wani majigin, kuma sai bayan an ɗauke amfanin gona.